Yadda Za Ka Rubuta Ƙagaggen Labarinka Na Farko, Ka Kuma Wallafa Shi Da Kanka

Littafin farko ba kasafai yake mutuwa a maɗaba'a ba. A babi na uku yake cikawa. Mutum zai fara da zafinsa, ya zuba babi biyu cikin mako guda, sai ya koma ya karanta ya ga ba su yi masa ba, ya gyara, ya sake gyarawa. Yana cikin haka sai tunanin bangon littafin ya shigo, da sunan da zai sa wa littafin, da yadda zai tallata shi. Wata shida ya wuce, labari na nan inda aka bar shi. Ba rashin baiwa ba ne. Yana so ne ya yi aikin marubuci da na edita da na kamfanin ɗab'i a zama ɗaya, alhali taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Wanda zai wallafa littafinsa da kansa ba makawa sai ya yi dukkan ayyukan nan, amma bi da bi, kowanne sai wanda ke gabansa ya kammala. A jeren da ya kamata a yi su na kawo su a nan.

Kafin ka rubuta babi na ɗaya

Ka fara da jimla guda. Ka faɗi wane ne tauraron labarin, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa idan bai samu ba. Misali: wata ma'aikaciyar jinya ta gano cewa maganin da ake ba marasa lafiya a asibitinsu jabu ne, kuma mai kawo shi yayanta ne, wanda ya ɗauki nauyin karatunta tun tana ƙarama. Ka ga a nan akwai ƙulli. In ta tona ta rusa wanda ya gina ta, in ta yi shiru rayuka na salwanta. Amma da ka ce "labari ne a kan illar cin amana", to jigo ka faɗa, ba labari ba. Jigo ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an sami mutum da ke cikin tsaka mai wuya ya ɗauke shi. Idan jimlar nan ta gagare ka, kada ka fara tukuna, domin abin da ya ƙi faɗuwa a layi biyu ba zai faɗu a shafi ɗari biyu ba.

Daga nan sai taurari. Uku zuwa biyar manya sun ishi littafin farko. Kowanne ka ba shi shafi ɗaya a littafin ajiyarka: shekarunsa, abin da yake so, abin da yake tsoro, abin da yake ɓoyewa, da yadda yake magana. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, shi ya sa za ka karanta littafi ka ji tsohuwa da ɗan makaranta da likita duk da baki ɗaya suke magana, wato bakin marubucin. Abokin hamayya kuma ka ba shi hujja. Yayan ma'aikaciyar jinyar nan ba ya kallon kansa a matsayin mugu, yana ganin bashi ne ya yi masa katutu kuma iyali yake rufa wa asiri. Sannan ka bambanta sunaye. Halima da Hadiza da Habiba a littafi ɗaya wahalar da mai karatu ne kawai.

Sai ka yanke shawarar wanda zai ba da labarin. In tauraruwar ce da bakinta, "na shiga, na gani", mai karatu zai matso kusa da ita ƙwarai, amma ba ka da ikon nuna abin da ya faru a bayan idonta. In kai ne daga gefe, "ta shiga, ta gani", kana da 'yancin zagayawa, sai dai ka kiyaye tsallake daga zuciyar wannan zuwa ta wancan a cikin gaɓa guda, wato yankin labari da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ka zaɓa ka riƙe shi har ƙarshe.

Batun tsara labari tun daga farko kuwa, marubuta sun rabu. Wasu sai sun jera kowane babi, wasu kuwa su faɗa kawai su ga inda ruwa zai kai su. Ga mai littafin farko, shawarata ita ce ya san abubuwa huɗu kafin ya tashi: abin da ya girgiza rayuwar tauraron a farko, abin da ya juya al'amura a tsakiya, lokacin da komai ya dagule masa, da yadda aka ƙare. Sauran ya bari hanya ta nuna masa. Ƙarshen na iya canzawa, ba laifi, amma tafiya ba tare da sanin inda aka dosa ba ita ke sa littafi ya yi ta kewaye a wuri ɗaya.

Daftarin farko

Nan lissafi ya fi ilhama amfani. Ƙagaggen labari cikakke yakan fara ne daga wajen kalma 50,000, da yawa kuma suna tsakanin 60,000 da 90,000. Idan kana rubuta kalma 500 a rana, wato abin da bai kai shafi biyu ba, cikin kwana 120 ka haɗa 60,000. Wata huɗu ke nan. Akwai wani shiri da aka faro a Amurka a 1999, NaNoWriMo, wanda ƙungiyar da ke gudanar da shi ta rufe a 2025, inda mutane suka riƙa ɗaura ɗamarar rubuta kalma 50,000 a cikin watan Nuwamba kaɗai, wato 1,667 kullum. Ba sai ka yi wannan gudun ba, amma ya nuna cewa daftari abu ne da ake gamawa da ƙidaya, ba da jiran ranar da kai zai buɗe ba.

Ka ware lokaci ɗaya a rana wanda ka san ba mai taɓa maka shi, ko da minti arba'in ne. Doka guda ce a wannan mataki: ba komawa baya. Ka tuna a babi na tara cewa ya kamata tauraruwar ta kasance tana da ƙanwa? Rubuta a gefe "a saka ƙanwa tun babi na biyu", ka ci gaba kamar da ma tana nan. Ka manta sunan wani magani ko tsawon wata tafiya? Sa alama ka wuce, kada ka buɗe intanet, don wanda ya shiga neman abu ɗaya ya san sa'a nawa ke tafiya. Wata dabara kuma: ka tsaya kullum a wurin da ka san abin da zai biyo baya, gobe ba za ka zauna kana kallon farin shafi ba.

Wajen kashi ɗaya cikin uku na littafin za ka ji ya gundure ka, kuma a daidai lokacin ne wani sabon labari zai zo maka yana ƙyalli. Rubuta shi a layi uku ka rufe. Shi ma in ka bi shi, a babi na uku zai gundure ka.

Ka riƙa adana aikinka a wuri uku: kan na'urar da kake rubutu, a ma'ajiyar intanet irin Google Drive, da kuma kwafin da kake tura wa kanka ta imel duk mako, da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Na taɓa asarar babi huɗu a dare ɗaya saboda wayar da nake rubutu a kai ta faɗa ruwa. Na sake rubuta su, amma har yau ina ganin na farkon sun fi.

Gyara, wanda shi ne ainihin rubutun

Ranar da ka rubuta kalmar ƙarshe, rufe fayil ɗin. Ka bar shi wata guda, ko mako shida in za ka iya. Laifi tudu ne, naka kake takawa ka hango na wani, kuma ba abin da ke mayar da rubutunka ya zama kamar na wani sai nisa. Bayan nan ka fitar da shi a takarda, ko aƙalla ka canza masa nau'in haruffa da girma, ka karanta daga farko zuwa ƙarshe cikin kwana biyu ko uku, da biro a hannu, ba tare da gyara ko jimla ɗaya ba. Abin da kake nema a wannan karatu shi ne inda ka ji hankalinka ya tafi wani wuri.

Gyara zagaye uku ne, kuma jerinsu na da muhimmanci, domin ba a shafa wa bangon da za a rushe fenti.

Zagayen farko na gini ne. Ɗauki takarda ka jera dukkan gaɓoɓin labarin, kowace a layi ɗaya: wa ke ciki, me yake so, me ya canza kafin a fita. Duk gaɓar da ba abin da ya canza a cikinta, ko a cire ta ko a haɗe ta da wata. A nan za ka gano cewa labarin bai fara ba sai a babi na uku, babi biyun farko tarihin iyayen tauraruwa ne da bayanin gidansu. Yanke su. Abin da mai karatu ke buƙata daga ciki ka warwatsa shi gaba, a wuraren da zai yi amfani. Za ka kuma ga tauraron da ya ɓace a tsakiya ba a sake jin ɗuriyarsa ba, da alkawarin da ka ɗaukar wa mai karatu ba ka cika ba. In ka nuna wasiƙar da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa a babi na huɗu, dole wani ya karanta ta kafin a rufe littafi. Ka binciki ƙarshen da kyau: shin tauraruwar ce ta warware matsalar da zaɓinta, ko kuwa haɗarin mota ne ya zo ya kashe mugu ya hutar da kai? Mai karatu na yafe sa'ar da ta jefa tauraro cikin matsala, amma ba ya yafe wadda ta fitar da shi.

Zagaye na biyu na gaɓa da jimla ne. Shiga gaɓa a makare, fita da wuri. Ba sai mun ga ta tashi, ta yi wanka, ta hau mota ba, fara daga lokacin da ta tura ƙofar ofishin yayanta. Inda ka rubuta "ranta ya ɓaci ƙwarai da gaske", tambayi kanka me wanda ke tsaye a ɗakin zai gani. Wataƙila ta ninke takardar sau huɗu ta sa a jaka ba ta ce komai ba. Wannan ya fi. Sai dai kada ka mayar da shi farilla, akwai wurin da "shekara biyu ta wuce" ta wadatar. Hirar taurari kuwa ka karanta ta da ƙarfi, kunne na kama abin da ido ya tsallake. Mutane ba sa gaya wa juna abin da dukkansu suka sani, saboda haka "kamar yadda ka sani, Yaya, kai ka biya mini kuɗin makaranta tun bayan rasuwar mahaifinmu shekara goma sha biyu da suka wuce" ba magana ba ce, marubuci ne ke leƙowa ta bakin tauraruwa. Gaisuwa ma a taƙaita, layi ɗaya ya isa a san an gaisa. Sannan kowane marubuci na da kalmomin da suka kama masa baki, irin su "nan take", "cikin sanyin murya", "ya yi murmushi", "ajiyar zuciya". Sa manhajar rubutunka ta ƙidaya maka su, za ka sha mamaki. Haka kuma in ka ji kanka kana wa'azi shafi guda, ka tsaya. In labarin ya yi aikinsa ba ya buƙatar hakan, in bai yi ba wa'azin ba zai cece shi ba.

Tsakanin zagaye na biyu da na uku ne ake ba wasu su karanta. Mutum uku zuwa biyar, masu karanta irin littafin da ka rubuta, waɗanda ba sa jin nauyinka. Uwa da masoyi ba sa cikin lissafi. Kada ka tambaye su "ya yi daɗi?", domin amsar a bayyane take. Tambaye su a wane shafi suka ajiye littafin, wa suka fi tsana, ina suka rikice, me suka zaci zai faru. In mutum ɗaya ya yi kuka da wuri, ra'ayinsa ne. In uku suka yi kuka da wuri ɗaya, akwai ciwo a wurin, ko da maganin da suka ba ka ba daidai ba ne. Wasu marubutan kan saki labarin babi-babi a intanet, masu karatu na gyara musu. Haka Andy Weir ya yi da The Martian a shafinsa, masu karatu suna nuna masa kurakuran kimiyya, kafin ya sa shi a Kindle, dandalin littattafan waya na kamfanin Amazon, daga baya kamfanin Crown ya buga shi a 2014. Hanya ce mai kyau, amma ka gama daftarin kafin ka fara saki, kada ka wayi gari kana rubuta abin da masu sharhi ke so.

Zagaye na uku na ƙa'idojin rubutu ne: raba kalma da haɗe ta, alamar tambaya, waƙafi, baka biyu na magana, manyan baƙaƙe. A Hausa wuraren tuntuɓe sanannu ne, "ya na" a maimakon "yana", "zanje" a maimakon "zan je", "shine" a maimakon "shi ne". Ka tsayar da salo guda ka rubuta shi a takarda ɗaya, yadda kake rubuta kowane suna, lambobi da kwanan wata. In wani tauraro na magana da karin harshensa, a bar masa a cikin hirarsa, amma muryar mai ba da labari ta tsaya a kan daidaitacciyar Hausa. In kuɗinka zai kai ka biya mutum ɗaya tak a duk wannan tafiya, to ka biya edita. Kafin ku ƙulla, ba shi shafi biyar ya gwada ka ga hannunsa, ku kuma rubuta wane irin gyara zai yi, na gini ko na jimla ko na kurakurai, domin ayyuka ne daban-daban.

Mayar da rubutu littafi

Yanzu ka tashi daga marubuci ka koma kamfanin ɗab'i. Fayil biyu za ka fitar. Na takarda PDF ne, shafukansa a tsaye suke ba sa motsi. Na karantawa a waya ko Kindle EPUB ne, wanda rubutunsa ke bin girman allo, shi ya sa ba shi da tsayayyar lambar shafi. Kada ka sayar da PDF a matsayin littafin waya in kana da zaɓi, karanta shi a ƙaramin allo azaba ce. Manhajojin LibreOffice Writer, Sigil, Calibre da Kindle Create duk kyauta ne, kuma sun isa su yi wannan aiki. Sirrin shi ne tun a cikin fayil ɗin rubutu ka sa wa kan kowane babi salon kanun da manhajar ta tanada, kada ka tura sakin layi da maɓallin tazara, kada kuma ka yi ta danna maɓallin sauka don ka kai sabon shafi.

Ga na takarda, girman da aka fi yi wa ƙagaggun labarai shi ne inci 5 da 8, ko 5.5 da 8.5, ko 6 da 9. Girman harafi 11 ko 12. Gefen da ke wajen ɗinki ya fi na waje faɗi, kuma yana ƙaruwa gwargwadon kaurin littafin, in ba haka ba kalmomi su shige cikin ɗauri. Shafuka masu lambar mara suna dama, a nan babi na ɗaya ke farawa. Kalma 60,000 za ta ba ka shafi 200 da 'yan kai.

Ga wani abu da ya shafi mai rubutu da Hausa musamman: baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ ga masu amfani da shi. Ba kowane nau'in haruffa ke ɗauke da su ba. In babu, manhaja kan aro su daga wani nau'in, sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta kauri, ko ta fito a matsayin ɗan akwati. Charis SIL, Gentium da Noto Serif suna da su duka, manya da ƙanana, kuma kyauta ne. Lokacin fitar da PDF ka tabbata an cusa haruffan a cikin fayil ɗin. Wata maɗaba'a ta taɓa buɗe mini fayil a kwamfutar da ba ta da nau'in da na yi aiki da shi, Allah ya sa na nemi kwafin gwaji, da duk "ƙasa" ta littafin ta koma akwati da "asa".

Bango shi ne tallan da ya fi kowanne aiki, kuma yau yawanci a waya za a fara ganinsa, bai fi girman babban yatsa ba. Ka rage hotonsa zuwa wannan girman, in sunan littafin bai karantu ba a sake. Duba bangon littattafai ashirin irin naka da ake saye, ka ga abin da ya haɗa su, don mai karatu ya gane daga nesa ko soyayya ce ko bincike ko ban tsoro. Hoton bugawa ya kasance mai ɗigo 300 a kowane inci, a kuma bar rarar inci 0.125 a gefuna saboda yanka. Faɗin ƙashin bayan littafi ya dogara da yawan shafuka da irin takarda, don haka ba a kammala bango sai an gama tsara ciki. Kada ka ɗauko hoto daga intanet haka kawai, yana da mai shi. Wanda ya zana maka kuma ku rubuta cewa kana da ikon amfani da zanen a littafi da talla, ya kuma ba ka ainihin fayil ɗin.

Bayanin bayan littafi kalma 100 zuwa 150 ya isa. Jimlar nan da ka rubuta tun farko ita za ka faɗaɗa: tauraro, matsala, abin da ke cikin haɗari, sai ka tsaya kafin ƙarshe.

Lamba da haƙƙin mallaka

ISBN lamba ce mai alƙalami 13 tun daga 2007, tana farawa da 978 ko 979, ita ce shaidar littafi a wajen masu sayarwa da ɗakunan karatu. Kusan kowace ƙasa na da hukumar da ke bayar da ita, a wasu ƙasashen kamar Kanada kyauta, a wasu kamar Amurka saye ake yi. Kowane nau'i da tasa lambar: mai bango mai laushi daban, mai kauri daban. Amazon na ba da ta kyauta ga littafin takarda, amma ba za ka iya kai ta wani dandali ba. In kana son littafin ya fito da sunan ɗab'inka, nemi taka.

ISBN ba haƙƙin mallaka ba ce. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe fiye da 180 suka shiga, haƙƙin rubutu na tabbata ga marubuci da zarar ya rubuta, ba sai ya yi rajista ba, kuma yana ɗorewa aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, a ƙasashe da dama 70. Rajista, inda ake yin ta, hujja ce in rigima ta taso. Abin da doka ke karewa shi ne yadda ka rubuta, ba tunanin labarin ba. Haka kuma ta kare wasu daga gare ka: baitin waƙar wani ba ya shiga littafinka sai da izini. Ƙasashe da yawa kuma na wajabta kai kwafin duk littafin da aka buga babban ɗakin karatu na ƙasa, ka cika wannan.

Inda za a buga, inda za a sayar

Hanya biyu ce ga na takarda. Ko ka kai maɗaba'a a buga ɗaruruwa a lokaci ɗaya, kowane kwafi ya zo da sauƙi amma ka zuba kuɗi tun farko kuma ajiya da rarrabawa na kanka. Ko ka bi tsarin da ba a buga kwafi sai wani ya saya, irin na Kindle Direct Publishing na Amazon da IngramSpark, inda kwafi ya fi tsada amma ba ka tara kwalaye a ɗaki. Mai littafin farko bai san yawan masu sayensa ba, saboda haka in maɗaba'a zai je, ya fara da kaɗan. Kowace ka bi, kada ka amince a ci gaba sai ka riƙe kwafin gwaji a hannunka ka karanta shi shafi-shafi.

Ga na waya, Kindle Direct Publishing, wanda aka buɗe a 2007, na ba marubuci kashi 35 ko kashi 70 cikin ɗari. Kashi 70 na samuwa ne idan farashin na cikin iyakar da suka ƙayyade, a kan cinikin da aka yi a wasu ƙasashe da suka lissafa, kuma ana cire ɗan kuɗin aikawa gwargwadon nauyin fayil. Kuɗi na zuwa wajen kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi ciniki. Za ka cike bayanan haraji, kuma wanda ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka ana riƙe masa kashi 30 na abin da ya samu a kasuwar Amurka. Akwai tsarin KDP Select, wanda ke sa littafinka a Kindle Unlimited, inda masu karatu ke biyan kuɗin wata su karanta littattafai, a biya ka bisa shafukan da aka karanta, da sharaɗin ba za ka sayar da na wayar a ko'ina ba har kwana 90, har da shafinka. In ba ka son wannan ɗauri, Draft2Digital na rarraba littafi zuwa Apple Books, Kobo da wasu, ya ɗauki wajen kashi 10 na farashi. Abu biyu ka bincika kafin ka ɓata lokaci a kowane dandali: yana karɓar harshen da ka yi rubutu da shi, kuma yana da hanyar biyan kuɗi zuwa inda kake? Kowannensu na da jerin harsunansa da hanyoyin biyansa. Sannan ka tambayi kanka ko masu karatunka a can suke saye. In ba a can suke ba, sayarwa kai tsaye daga hannunka ta fi, ko da kuwa ka san wasu za su tura wa wasu.

Ka yi hattara da kamfanonin da za su yaba littafinka tun ba su karanta ba, su nemi ka biya su maƙudan kuɗi, su kuma karɓe haƙƙinsa. Biyan edita ko mai zane ko maɗaba'a sayen aiki ne, littafi na nan naka. Wanda ya karɓi kuɗinka kuma ya karɓi haƙƙinka ya ci ka sau biyu. Duk takardar da za ka sa wa hannu, nemi wurin da aka faɗi wa ke da haƙƙi, na shekara nawa, da yadda ake fita.

Fitowa

Sa ranar fitowa wata biyu gaba, ka yi aiki da baya-baya daga ita. Amazon kan ɗauki har sa'a 72 kafin ya amince da fayil, don haka kada ka ɗora a daren ranar. Wajen ɗorawa za a ba ka gurbin kalmomin nema bakwai da rukuni har uku, cike su da abin da mai karatu zai rubuta in yana neman irin littafinka, ba da yabon kai ba. Makonni kafin ranar ka nuna bango, ka saki babi na ɗaya kyauta, ka ba mutum goma ko ashirin kwafi su karanta su rubuta ra'ayinsu na gaskiya a makon farko. Ka fara tara lambobi ko imel na waɗanda suka ce a sanar da su, da izininsu, domin mabiyan da ke Facebook ko Instagram na dandalin ne, ranar da ya canza tsari ko ya rufe maka shafi sun tafi. Wanda ya kushe littafin kada ka tanka masa a bainar jama'a.

A makon farko wani zai turo maka hoton shafi na 47 da kuskure a zagaye da jan biro. Buɗe fayil ka riƙa tara irin waɗannan, bayan wata guda ka gyara su gaba ɗaya ka sake ɗora littafin. Gyaran ƙananan kurakurai ba ya buƙatar sabuwar ISBN, amma in ka canza suna, ko girman littafin, ko ka sake babi-babi, ya zama sabon bugu, sai da sabuwar lamba.